Yadda ake farautar watan dutsen sararin samaniya ta hanyar husufin tauraro

A ranar 28 ga Agusta, 1993, kumbon Galileo da ke kan hanyarsa ta zuwa Jufita ya gitta kusa da wani dutsen sararin samaniya mai suna Ida, ya ɗauke shi hotuna ya wuce. Sai bayan kusan wata shida, a Fabrairun 1994, masu nazarin hotunan suka lura da wani ɗan ɗigo a gefen dutsen, wanda daga baya aka raɗa wa suna Dactyl. Faɗinsa bai kai kilomita 2 ba, amma shi ne ƙaramin wata na farko da aka tabbatar yana kewaya irin waɗannan duwatsu. Daga wancan lokaci zuwa yau an gano ɗaruruwa irinsa, wasu a tsakanin duniyar Mas da Jufita, wasu a kusa da tamu duniyar, wasu kuma can bayan Neftun inda Fuluto yake da nasa guda biyar.

Da yawa daga cikin waɗannan 'yan rakiya an gano su ne da kayan da mutum ɗaya ba zai taɓa mallaka ba, wato kumbo, ko manyan madubin hangen nesa na Hawai da Chile, ko na'urar rada. Sai dai akwai hanya guda da ke buɗe ga mai ƙaramin madubi da kyamara da haƙuri, kuma a kanta wannan jagora ya tsaya.

Abin da ake aunawa

Dutsen sararin samaniya yana tafiya a falakinsa, taurari kuwa suna can nesa a bayansa. Wani lokaci yakan gitta daidai ta gaban wani tauraro ya tare haskensa, sai inuwarsa ta faɗo a doron ƙasa ta yi gudu a kan wani siririn layi wanda faɗinsa ya yi daidai da faɗin dutsen. Duk wanda yake cikin layin zai ga tauraron ya ɗauke kamar an kashe fitila, sannan ya dawo. Wannan shi nake kira husufin tauraro. Idan dutsen yana da ɗan rakiya, to shi ma yana da tasa inuwar, kuma tauraron zai iya ɗaukewa karo na biyu, ko kafin babban husufin ko bayansa.

Mai lura ba zai ga dutsen a matsayin dutse ba, balle ɗan rakiyarsa, abin da yake hannunsa shi ne lokaci. A ɗauka inuwar tana gudun kilomita 10 a sakan guda, wanda gudu ne da aka saba gani. Dutse mai faɗin kilomita 100 zai ɓoye tauraron na sakan 10 ga wanda yake tsakiyar layin, ɗan rakiya mai faɗin kilomita 5 kuwa rabin sakan kacal zai ɗauka. Saboda haka a wannan aiki ingancin agogo ya fi girman madubi muhimmanci, kuma duk sauran matakan daga nan suka samo asali.

Mataki na farko: haɗa kayan aiki

Madubin hangen nesa mai faɗin baki santimita 20 ya isa a fara da shi, wanda bai kai haka ba ma yana aiki idan tauraron mai haske ne. Ana buƙatar kyamarar taurari mai ɗaukar hoton baƙi da fari, domin ta fi mai launi jin ƙaramin haske, da kwamfutar tafi-da-gidanka da za ta naɗi hotunan ta manhaja irin SharpCap, da batir mai volt 12 da zai riƙe komai tsawon dare. Kada a dogara da wutar layi. Ɗaukewarta a unguwa alheri ce ga mai kallon sama tunda duhu yana ƙaruwa, amma fa sai idan kwamfutar ba a jikinta take ba.

Batun agogo shi ne inda masu farawa suka fi tuntuɓe. Agogon kwamfuta yana iya saɓa wa ainihin lokaci da sakan guda ko fiye ba tare da mai ita ya sani ba, kuma kuskuren sakan guda yana nufin an gusar da dutsen kilomita 10 daga inda yake. Mafi inganci shi ne kyamarar da ke da GPS a jikinta, irin QHY174-GPS, wadda ke buga lokaci a kan kowane hoto kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da ƙaramar na'urar GPS mai fitila da ke walƙawa daidai a farkon kowane sakan, a haska ta cikin bakin madubin kafin husufin da kuma bayansa, sannan a yi amfani da walƙiyar da ta fito a hotunan a gyara agogon kwamfutar. Daidaita agogo ta intanet shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma a ƙauyen da sabis yake rawa ba abin dogaro ba ne. Ko wace hanya aka bi, a rubuta ta, domin masu tantance rahoto sai sun tambaya.

Mataki na biyu: zaɓen husufin da ya cancanci a hana ido barci

Ba a jiran husufi ya zo da kansa, lissafa shi ake yi tun da wuri. Manhajar Occult da takwararta OccultWatcher, waɗanda duka kyauta ne, suna karɓar wurin da mutum yake su fitar masa da jerin husufan da inuwarsu za ta ratsa kusa da shi, tare da taswirar layin. Wannan hasashe ya inganta ƙwarai tun da kumbon Gaia na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ya auna matsayin taurari fiye da biliyan guda, har ta kai ana iya bin inuwar ƙananan duwatsun da a da ba a ko gwadawa.

A cikin kowane hasashe a duba abubuwa huɗu. Na farko hasken tauraron, wanda ake bayarwa da lambar da ke ƙaruwa gwargwadon dusashewarsa: ido shi kaɗai yana tsayawa a wajen 6 a wuri mai duhu, madubi mai santimita 20 da kyamara mai kyau kuwa yana kaiwa 12 ko 13 cikin sauƙi. Na biyu tsawon husufin. Na uku yawan raguwar hasken, domin kafin husufi hasken tauraro da na dutsen a gauraye suke, idan kuma dutsen ya fi tauraron haske sosai to ɗaukewar tauraron da ƙyar za ta bayyana. Na huɗu tsayin tauraron daga gefen sama, wanda gara ya haura digiri 20, musamman a inda ƙura take kwanciya ƙasa-ƙasa.

Akwai tarko guda da ya kamata a kiyaye. Duk lokutan hasashe da agogon GMT ake rubuta su. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa guda, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. Husufin da aka rubuta ƙarfe 23:30 na ranar 14 ga wata, a Kano ko Damagaram ƙarfe 12:30 na dare ne, bayan ranar 15 ta riga ta shiga. Wanda ya karanta kwanan watan da gaggawa zai fito a daren da ba shi ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da babban dutsen da aka riga aka san yana da ɗan rakiya, irin su Kalliope mai Linus, ko Sylvia mai Romulus da Remus, ko Eugenia mai Petit-Prince. Husufinsu yana da tsawo, kuma ko da ba a kama ɗan rakiyar ba an koyi aikin.

Mataki na uku: inda za a tsaya

Wanda yake son auna babban dutsen kawai, tsakiyar layin inuwa zai nufa. Mai farautar ɗan rakiya lissafinsa daban ne. Linus yana kewaya Kalliope a nisan kusan kilomita 1,100, Romulus kuma yana kusan kilomita 1,350 daga Sylvia, don haka inuwarsu tana iya ratsa garin da ke nesa da layin babbar inuwar da tafiyar yini guda a mota. Ma'anar wannan ita ce mutumin da taswira ta nuna yana wajen layi bai kamata ya nannaɗe tabarmarsa ba. A ranar 7 ga Nuwamba, 2006, masu lura a Japan sun kama inuwar Linus da ta Kalliope a dare guda, daga wurare daban-daban.

Idan ana da abokan aiki, kada a taru a fili ɗaya. A jera a gicciye da layin inuwar, kowa da tazara tsakaninsa da na kusa da shi, kamar yadda mafarauta ke bazuwa su ratsa daji. Kowane mai lura yana yanko zare guda ne daga jikin inuwar, idan aka jera zaruruwan sai siffar dutsen ta fito. Haka aka yi a ranar 27 ga Maris, 2022, lokacin da tawagogi 26 na shirin kumbon Lucy suka jeru a Amurka suna jiran dutsen Polymele. Biyu daga cikinsu sun ga tauraron ya ɗauke a inda bai kamata ba, kusan kilomita 200 daga dutsen, kuma da haka aka gano yana da ɗan rakiya mai faɗin kusan kilomita 5. An yi irin wannan jeri a Afirka ta Yamma ma: a 2018 da 2021 masana na NASA da 'yan Senegal, ƙarƙashin jagorancin Maram Kairé, sun baza madubai a ƙasar suna bin inuwar duwatsun Arrokoth da Orus.

A ƙasar Hausa lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ɗaukewar damina zuwa bazara, sai dai hazon hunturu yana cinye ƙananan taurari ko da babu gajimare ko ɗaya. A nemi wuri nesa da fitilu da hanyar motoci, a auna matsayinsa da GPS na waya bayan an bar ta ta natsu na 'yan mintuna, a rubuta tsayinsa daga teku. Wani abin da littattafan Turawa ba sa faɗa shi ne a sanar da mai unguwa da masu tsaron yankin tun da rana. Dogon bututu a kan ƙafafu uku da tsakar dare a bayan gari ba kowa ne zai ɗauke shi madubi ba.

Mataki na huɗu: daren aiki

A isa wurin aƙalla awa biyu kafin lokaci. Mafi wahalar aikin daren shi ne tabbatar da cewa tauraron da ke kan allo shi ne wanda ake nufi, domin ƙananan taurari kamarsu ɗaya. A kwatanta abin da kyamara ke nunawa da taswirar da aka buga tun a gida, a gane shi ta siffar da ya yi da maƙwabtansa. Wanda madubinsa ba ya bin taurari da kansa yana da dabara: manhajar Occult tana ba da jerin taurari masu haske da za su ratsa daidai wurin da tauraron zai kasance, a wasu mintuna da aka ƙayyade kafin husufin. A saita madubin a kan ɗaya daga cikinsu a lokacinsa, a ƙulle, a daina taɓawa, juyawar duniya za ta kawo tauraron da kanta.

A zaɓi mafi gajartar lokacin buɗewar kyamara ga kowane hoto da tauraron ke fitowa sarai a cikinta. Idan ana ɗaukar hoto 25 a sakan guda, kowane hoto yana daidai da mita 400 na tafiyar inuwar da muka yi misali da ita, idan kuwa hoto ɗaya ne a sakan, ɗan rakiya mai rabin sakan zai narke a ciki. A tabbata akwai aƙalla wani tauraro guda a cikin hoton banda wanda ake jira, dalilin zai bayyana a mataki na gaba. A adana hotunan a tsarin da ba ya matse su, irin SER, domin tsarin bidiyon waya yana share ƙananan bambancin haske, wanda shi ne ainihin abin da aka fito nema.

A fara naɗa da wuri, a kuma jinkirta tsayawa. Ɗan rakiyar da ke nisan kilomita 1,100 zai iya riga uwarsa ko ya biyo bayanta da kusan minti biyu, saboda haka minti uku kafin lokaci da minti uku bayansa shi ne mafi ƙaranci. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa madubi, ba a kunna tocila, ba a takawa kusa da ƙafafunsa.

Mataki na biyar: karanta abin da aka samu

Da safe a buɗe hotunan da manhajar Tangra ko PyMovie, su auna hasken tauraron a kowane hoto su zana shi a layi, sannan PyOTE ta fitar da lokacin ɗaukewa da na dawowa tare da iyakar kuskurensu. Husufi na gaske yana da siffar rijiya: hasken ya faɗi farat ɗaya, ya kwanta a ƙasa, ya tashi farat ɗaya.

Idan aka ga rami na biyu, nan ne ake buƙatar sanyin zuciya, domin abubuwan da ke kwaikwayon ɗan rakiya sun fi 'yan rakiyar yawa. A fara da duba tauraron kwatanci, wato wancan ɗayan da aka tabbatar yana cikin hoton. Idan shi ma ya dusashe a daidai wannan lokaci, to gajimare ne ko ƙura ko girgizar madubi, magana ta ƙare. Idan rami na biyun hoto ɗaya tak ya ɗauka, zai iya zama tsuntsu ko jemage ko hayaniyar kyamara, kuma ba wanda zai karɓe shi. Sai kuma a auna tazarar da ke tsakanin ramukan biyu a mayar da ita kilomita: idan ba ta wuce faɗin dutsen ba, mai yiwuwa zaren ya bi ta gefen dutse mai ƙusumbi ne, ya fita ta wani kwari ya sake shiga.

Babban mai yaudara shi ne tauraro tagwaye, wato taurari biyu da suke manne har madubi yana ganinsu ɗaya. Dutse guda zai rufe na farko sannan ya rufe na biyu, a samu ramuka biyu ba tare da wani ɗan rakiya ba. Zurfin ramukan ne ke raba gardama. Idan tagwaye ne, kowane rami yana ɗauke wani kaso ne na hasken, ɗayan tauraron yana nan yana haskawa, sai an haɗa zurfin biyun kafin a samu cikakken hasken. Idan ɗan rakiya ne, tauraro ɗaya aka rufe ɗungurungum sau biyu, don haka duka ramukan za su sauka har ƙasa, zuwa matakin hasken dutsen shi kaɗai.

Ko an tsallake duk waɗannan, shaidar mutum ɗaya ba ta yanke hukunci. A Yunin 1978 an ga ɗaukewa ta biyu a husufin dutsen Herculina, aka daɗe ana cewa yana da wata, amma da madubin Hubble ya duba a 1993 bai ga komai ba. A kwatanta da dutsen da ake kira Arecibo: a ranar 19 ga Mayu, 2021, wasu masu sha'awar taurari biyu a Ostareliya, kowa a wurinsa, suka ga tauraro ya ɗauke sau biyu, sannan a ranar 9 ga Yuni wasu a Kalifoniya suka sake ganin haka da wani tauraron daban. Da wannan aka amince cewa dutsen mai faɗin kusan kilomita 24 yana da ɗan rakiya mai kusan 13.

Mataki na shida: kai rahoto

Ana tura sakamako ga ƙungiyar IOTA, wadda ke tattara bayanan husufin taurari daga ko'ina a duniya, tare da matsayin wurin, da nau'in kayan aiki, da hanyar da aka bi wajen agogo, da layin hasken. A ajiye ainihin hotunan, za a iya nemansu. Idan tauraron bai ɗauke ba sam, wannan ma a kai rahotonsa, domin yana nuna inda dutsen bai kai ba da inda babu ɗan rakiya. In an tabbatar da sabon wata, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ce ke ba shi lambar wucin gadi mai ɗauke da shekara da lambar uwarsa, kamar S/2001 (87) 1 da Romulus ya fara amsawa, suna kuma ya biyo baya.

Mataki na bakwai: auna nauyin dutsen da ɗan rakiyarsa

Husufi ɗaya yana nuna inda ɗan rakiyar yake a sakan guda ne kawai. Sai an tara irin wannan da dama, ko an haɗa da hotunan manyan madubai da rada, kafin a san nisansa da tsawon zagayensa. Da zarar an san waɗannan biyun, dokar Kepler ta uku, wadda ke haɗa nisa da tsawon zagaye da nauyi, tana ba da nauyin da babu sikelin da zai iya aunawa, kuma kwalkuletar waya ta isa.

A gwada da dutsen Didymos da ɗan rakiyarsa Dimorphos, waɗanda kumbon DART ya kai wa ziyara. Kafin kumbon ya daki Dimorphos a ranar 26 ga Satumba, 2022, ya rage zagayensa da kusan minti 33, nisan da ke tsakaninsu kusan mita 1,200 ne, zagayen kuma awa 11 da minti 55, wato sakan 42,900. A ninka 1,200 da kansa, a sake ninkawa da 1,200, a samu 1,728,000,000. A ninka wannan da 39.48 (wato 4π², lambar da ke cikin dokar), a samu kusan biliyan 68.2, a ajiye shi gefe. Sai a ninka 42,900 da kansa, a ninka sakamakon da lambar ƙarfin jan juna ta Newton, wato 0.00000000006674, a samu kusan 0.1228. A raba lambar da aka ajiye da wannan, amsar ita ce kilo biliyan 555, ko tan miliyan 555. Wannan nauyin su biyun ne a haɗe, amma kason Dimorphos bai wuce ɗaya cikin ɗari ba.

Amfanin lissafin yana fitowa idan aka haɗa shi da girman da husufi ya bayar. Romulus yana zagaya Sylvia a kwana 3.65, kuma idan aka raba nauyin da ya fito da girman Sylvia mai faɗin kusan kilomita 270, sai a ga jikinta bai kai ninki ɗaya da rabi na nauyin ruwa ba, alhali dutsen da muka sani yana kusan ninki uku. Ke nan cikinta akwai kogo ko ƙanƙara, ba dunƙulallen dutse ba ne. Haka aka yi wa Eris, wata ƙaramar duniya da ke can bayan Fuluto. Watanta Dysnomia, wanda aka gano a 2005, yana zagaya ta a kusan kwana 16 daga nisan kusan kilomita 37,300, kuma shi ya nuna ta fi Fuluto nauyi da kashi 27 cikin ɗari. Husufin da aka kama daga Chile a Nuwamban 2010 kuma ya ba da faɗinta, kilomita 2,326, ƙasa kaɗan da na Fuluto mai 2,377.